Gida Bisa Taya

Tasi'u ya yi hayar gida mai taya shida,
ya tsayar da shi ƙofarmu a Jidda bayan la'asar.
Maƙwabta suka yi ta leƙe:
ga gado, ga murhu, ga makewayi kamar akwatin sabulu,
ga firjin da ba ya karɓar tukunyar miya
sai an cire mata marfi.

Na ɗaure shinkafa da busasshiyar kuɓewa,
da daddawar da alhazan bara suka kawo,
na ƙirga yara: Suwaiba, Ila, da auta Munzali
wanda ya rantse ba ya tafiya ba kyanwarsa.
Kyanwa ta shiga. Ta riga kowa zaɓen kujera.

Inna Tabawa ce ƙarshe.
Ta dafa ƙofa, ta auna motar sama da ƙasa,
ta ce, "Kunkuru ma haka yake yawo,
amma shi bai biya kowa riyal ba."

Teku na hagunmu har Yanbu,
daga nan muka ba ruwa baya.
Kwalta ta miƙe kamar zaren da masaƙi ya manta,
duwatsu baƙaƙe, sai jajaye, sai launin soyayyar gyaɗa.
Cokula na ta cacar baki a durowa.
Kowace gargada sai shayi ya gaida zanena.
Ila ya ƙirga raƙuma talatin da bakwai,
Suwaiba ta ce biyu inuwa ce,
ba su sake magana ba har azahar.

Dab da Ula maigida ya hango dutse mai ƙofa a ciki,
ya ce can za mu kwana. Ya saki kwalta.
Yashi ya karɓe mu da fara'a
taku ashirin,
sannan ya riƙe mu ta ƙafar baya.
Ya taka mai, taya ta haƙa wa kanta rami.
Ya ƙara takawa, gidanmu ya durƙusa.
Waya ta kurumce. Rana ta yi ja.
Munzali ya ja hannuna a hankali:
"Umma, ruwan tankin zai kai gobe?"

Inna ta sauko, sanda kafin ƙafa.
"Ku sace wa tayoyin iska, kaɗan-kaɗan.
Ila, ɗauko min tabarmata."
Tana 'yar shekara tara, in ji ta, a bayan wata tsohuwar lori
tsakanin Fashir da Ubayyid,
sau goma a yini suke sauka su yi wannan aikin,
uwarta na goye da ƙaninta
wanda bai kai ga ganin teku ba.
Nan ta tsaya. Mu ma ba mu nemi ƙari ba.

Muka yi tono da faranti, da marfin tukunyar nan,
Tasi'u gwiwa a ƙasa, yashi har cikin agogo.
Tabarma ta shige ƙarƙashin taya.
Mota ta yi nishi, ta yi tangaɗi,
ta miƙe da baya tukuna, kamar raƙumi.
Tabarmar ta fito gida biyu.

Da dare muka bar gadajen da muka biya,
muka baza barguna a gindin dutse.
Taurari sun sauko har kana jin kunyar tari.
Suwaiba na kiran su da Larabcin makaranta,
Inna ta nuna da sanda: "Waccan Kaza ce da 'ya'yanta.
Ita ta rako mu, ga ta ba ta tsufa ba."

Na gyara mata wuri kusa da ni.
Ta kaɗa kai, ta naɗe rabin tabarma a hammata,
ta hau matakala, kyanwa na biye.
"Ku kwana," ta ce. "Ni na yi nawa kwanan yashin."
Muka ji ta tura ƙofa,
tana laluben inda ake kashe fitila.